Gyaran ɗakunan sanyi a lokacin da gas ɗin R-22 ke janyewa

Sana'armu kula da ɗakunan sanyi ce a Kano: wuraren ajiyar kifi da kaji, injinan ƙanƙara, firjin manyan kantuna, da AC na otal-otal. Ni ne da yarana 'yan kaɗan, sai motar ɗaukar kaya. Yawancin injinan da ke hannunmu sun kwana biyu, kuma da R-22 suke aiki, gas ɗin nan mai zuwa a koriyar silinda wanda duk ɗan sana'a ya taso ya tarar.

To, wannan gas ɗin kwanansa ya kusa ƙarewa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya ke ciki, ita ta kawar da R-12, wani tsohon gas na sanyaya firji, daga ƙasashe irin namu a 2010 saboda yana cinye rufin ozon da ke tare mana zafin hasken rana mai cutarwa. R-22 ma yana wannan ɓarna, sai dai bai kai wancan ba, shi ya sa aka ba shi wa'adi. An tsayar da ƙarin shigo da shi a 2013, aka rage kashi 10 cikin ɗari a 2015, kashi 35 a 2020, kashi 67.5 a 2025. Daga 2030 abin da za a bari bai wuce kashi 2.5 ba, shi ma don gyaran tsofaffin injina kawai, zuwa 2040. Ba a yin sa a ƙasar nan, daga waje yake zuwa, ga ƙa'idar adadin da za a shigo da shi, ga kuma tsadar dala. Mu da ke sayensa mun ga tasirin haka a farashi tun kafin mu san da wani jadawali.

Kiran da na fi samu shi ne: "Injiniya, gas ya ƙare, a zo a ƙara." Amsata kullum ɗaya ce: "Alhaji, gas ba fetur ba ne da injin ke sha. Zagaye yake yi a cikin bututu a rufe. In ya ragu, wani wuri ne ke yoyo." A da, lokacin da gas ke araha, mutane sun saba a zo a ɗura a tafi, bayan wata biyu a dawo a sake. Mai gyara ya samu na cefane, mai ɗaki bai tsayar da aiki ba, kowa ya yi shiru. Yanzu wannan ɗabi'a ita ke cin ribar masu ɗakunan sanyi, kuma ni ba na karɓar aikin ƙari sai an yarda mu nemo yoyon.

Neman yoyo aiki ne na haƙuri. Mukan kwashe sauran gas ɗin mu adana a silinda da injin kwashewa, ba mu sake shi a iska ba. Sai mu cika bututun da nitrojin, mu bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu. Galibi a bakin notin da ke ɗaure bututu ake samunsa, ko inda girgizar kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin yana zagayawa da shi, ta tsaga tsohuwar walda, ko inda aka ga maiƙo ya taru da ƙura. Bayan walda sai a canja dirayar da ke tace danshi, a sa injin zuƙe iska ya daɗe yana ja, domin danshi in ya haɗu da gas da zafi asid yake zama, ya ci wayoyin kwamfireso. Akwai kuma abin da bai shafi gas ba amma shi ke kashe injina a garin nan: ƙurar hunturu da ke toshe kwandensa, wato ɓangaren da ke fitar da zafi waje. In bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, injin mai datti sai matsinsa ya hau, ga wuta mara ƙarfi. Wanke kwandensa ba ya cin kuɗi, amma da wuya ka ga mai ɗaki ya tuna da shi kafin kifinsa ya fara narkewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cakuɗa gas. Wani zai ga R-22 ya yi tsada, ya ɗauko R-410A ya ɗura, alhali matsinsa ya fi na R-22 nesa ba kusa ba, kuma ba a ƙera tsohon injin don ya ɗauke shi ba. R-407C ya fi kusa, ana iya mayar da wasu injina kansa, amma sai an fitar da tsohon man kwamfireso gaba ɗaya an zuba irin wanda ke tafiya da shi, sannan a ruwansa ake ɗura shi domin gauraye ne na gas uku. Akwai masu zuba gas mai kama wuta a injin da ba a tanadar masa kariya ba. R-290 yana cikin masu kama wutar, kodayake gas ne mai kyau, sababbin firji da yawa da shi suke zuwa, amma an ƙera su ne don shi. A zuba shi a tsohon ɗakin sanyi ba tare da ko alama ba, gobe yaron wani shago ya zo da wutar walda, ransa aka sa a haɗari. Ga kuma jabun silinda, an rubuta R-22 a jiki, na ciki wani abu ne daban. Shi ya sa a wurin dillalin da na sani kawai nake saye, kuma kowane injin da muka taɓa sai mun liƙa masa takarda: wane gas, wane mai, kilo nawa, yaushe.

Masu neman sabon inji kuwa, abu biyu nake ja musu kunne a kai. Kayan hannu masu araha da ke shigowa, da yawansu an cire su ne a inda aka riga aka rabu da R-22. Turai ta hana ɗura shi tun 2015, Amurka ta daina yin sa da shigo da shi a 2020. Sannan R-404A da ake ta sa wa sababbin ɗakuna shi ma an sa masa ido, domin ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na R-22 fiye da sau biyu, kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya tanadi fara rage irinsa a ƙasashenmu daga 2029. Mai zuba miliyoyi a injin da yake fatan ya yi masa shekara goma sha biyar ya kamata ya ji wannan kafin ya biya.

Ba na ce wa kowa ya zubar da injin da ke aiki lafiya. In mutum yana da uku, wanda ya fi yoyo da shan wuta muke fara canjawa, kuma a lokacin sanyi, wajen Disamba ko Janairu, sa'ad da kaya za su jure ɗan jinkiri. Gas ɗin da muka kwashe daga cikinsa, matuƙar kwamfiresonsa bai ƙone ba, mukan tace shi mu ajiye wa sauran biyun, sunan mai shi a rubuce a jikin silindar.