Yadda na jera biranen Teksas bisa yawan 'yan Latino

Yayata tana da ɗan ƙaramin kamfani a Houston, irin masu tura ma'aikatan jinya gida-gida su duba tsofaffi da marasa lafiya. Ta so ta buɗe reshe a wani birni na jihar Teksas, kuma tana so ta san inda za ta fi buƙatar ma'aikata masu jin Sifaniyanci. Da yake ni ne mai yini gaban kwamfuta a gidan, sai aikin ya faɗo kaina. Cewa ta yi, "Ƙanena, jera min manyan biranen jihar nan, daga inda 'yan Latino suka fi yawa zuwa inda ba su da yawa, shafi ɗaya ya ishe ni." Na ce, "An gama, Yaya."

Samo alƙaluman ba wuya. Hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta zuba su kyauta a intanet, kowa na iya saukewa ya buɗe a Excel. A ƙidayar 2020 mutanen Teksas sun ɗan haura miliyan 29, kuma kashi 39.3 cikin ɗari sun ce su Hispanik ne ko Latino, wato asalinsu daga Meziko ne ko Kyuba ko Puerto Rico ko wata ƙasa mai magana da Sifaniyanci. Farar fatar da ba Latino ba kashi 39.7 ne a lokacin. Zuwa ƙiyasin 2022 'yan Latino sun sha gabansu, sun zama rukuni mafi girma a jihar. Wanda ya taso a Najeriya sai abin ya ɗan ba shi mamaki, don mu a ƙidayar 2006 ko tambayar ƙabila da addini ba a yi ba, saboda gudun rigima. Su kuwa nan har unguwa-unguwa za ka ga adadin.

Jerin farko ya fito kamar yadda taswira za ta nuna wa kowa. Laredo ce a sama da kusan kashi 95, Brownsville na biye da kusan 94, El Paso 81, San Antonio 64. Daga nan sai a gangaro: Houston 44, Dallas 42, Fort Worth 35, Austin 32 da rabi. Irin su Plano da Frisco da ke arewacin Dallas ba su kai kashi 20 ba. Duk matsowarka kudu kusa da kogin Rio Grande da ya raba Teksas da Meziko, adadin sai hawa yake. Gundumar Starr da ke bakin iyaka ta kusan kashi 98, babu gundumar da ta kai ta a duk Amurka.

Wanda bai san tarihin wurin ba zai ɗauka duk baƙin haure ne suka cika garuruwan nan na kudu. Ba haka ba ne. An kafa San Antonio a 1718, Laredo a 1755, duk a ƙarƙashin sarautar Sifaniya, tun kafin a san da wata ƙasa mai suna Amurka. Teksas ta ɓalle daga Meziko a 1836, sannan yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta tabbatar da kogin a matsayin iyaka tsakanin Amurka da Meziko. Akwai gidajen da kaka da kakanni ba su taɓa yin ƙaura ba, iyakar ce ta zo ta same su a inda suke. Wannan ya shafi aikin Yaya kai tsaye, zan zo kansa.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne lissafin da ya ƙi tashi ɗari. Na ɗauki wani shafin taƙaitawa na hukumar, na tara farar fata da baƙar fata da 'yan Asiya da 'yan Latino na birni guda, sai jimillar ta zarce ɗari nesa ba kusa ba. Dalilin yana cikin takardar ƙidayar kanta. Tambaya biyu ake yi daban-daban. Ta farko, shin kai Hispanik ne ko Latino? Ta biyu, mene ne launin jinsinka? Mutum ɗaya yana iya amsa e a ta farko, ya kuma zaɓi fari ko baƙi ko ɗan ƙabilun asali na Amurka a ta biyu, don haka idan ka tara ginshiƙan biyu ka ƙirga shi sau biyu. A ƙidayar 2010 mafi yawan mutanen Laredo "fari" suka zaɓa, alhali garin kusan duka Latino ne. Maganin shi ne a nemi jadawalin da ya riga ya ware mutane gida biyu, Latino a gefe guda, waɗanda ba Latino ba a ɗaya gefen an rarraba su bisa launi. A ƙidayar 2020 sunansa P2, a binciken da hukumar ke yi shekara-shekara kuwa B03002. Da na koma kansu sai kowane layi ya tashi ɗari cif. Wani abu kuma da ya kamata mai wannan aiki ya sani: 'yan Birazil ba sa cikin wannan rukuni a hukumance, saboda su harshen Fotugal suke yi.

Sai babbar maganar, wadda ta sa na ƙi miƙa shafi ɗayan da aka nema. Kaso cikin ɗari abu ne daban, yawan mutane abu ne daban. Laredo da take saman jeri, duk mutanen cikinta dubu 255 ne. Houston da ke can ƙasa da kashi 44 tana da 'yan Latino sama da miliyan ɗaya, wato kusan ninki huɗu na duk mutanen Laredo, har da waɗanda ba Latino ba. San Antonio tana da sama da dubu 900. Wanda ya fi burge ni shi ne El Paso da Dallas: ɗaya kashi 81, ɗaya kashi 42, amma in ka ƙirga kawuna kowacce tana da kusan dubu 550. Rabin babbar tukunya ya fi ƙaramar tukunya cike, ga shi nan ƙarara a lissafi. Austin ma ta nuna min wani salon. A 2010 kason 'yan Latino a can kashi 35 ne, a 2020 ya sauka zuwa 32 da rabi. Mai karanta kaso kaɗai zai ce barin garin suke yi. Yawansu kuwa ƙaruwa ya yi, sai dai sauran mutanen da suka kwararo garin sun fi su saurin ƙaruwa. Ni dai a ganina duk jadawalin da ya kawo kaso bai kawo adadin mutane a gefensa ba, bai kamata a yanke shawarar kuɗi a kansa ba.

Iyakar birni ma tana da nata ruɗin. Kashi 44 na Houston matsakaici ne da ba ya kama da kowace unguwa. Ranar Asabar na ɗauki mota na bi ta Gulfton a kudu maso yammacin birnin. Dogayen gidajen haya ne jere, allunan shaguna duk da Sifaniyanci, ga wuraren aika kuɗi zuwa El Salvador da Honduras da Guatemala, ga mata suna gasa pupusa, wani ɗan faifan ƙullun masara mai cuku a ciki, a kan faffaɗan ƙarfe. Ka ɗan ƙara gaba zuwa Alief, inda 'yan Najeriya suke da yawa, sai ka fara ganin shagunan garin rogo da manja a tsakanin na 'yan Biyetnam. Pasadena da ke manne da Houston ta gabas, kusan biyu cikin kowane mutum uku Latino ne. Sugar Land ta ɗaya ɓangaren ko kashi 15 ba ta kai ba. Ma'aikaciyar jinya ba ta san iyakar birni ba, inda mota za ta kai ta cikin rabin awa shi ne yankinta. Saboda haka na ƙara ginshiƙin gunduma, ga Houston na sa gundumar Harris mai mutum sama da miliyan 4.7.

Ƙananan garuruwa na cire su gaba ɗaya. Binciken shekara-shekara samfuri ne, ba a ƙirga kowa, kuma ƙiyasin shekara ɗaya ana fitar da shi ne kawai ga wuraren da suka kai mutum dubu 65. Ƙasa da haka sai dai na shekara biyar a haɗe, kuma a ƙauye mai mutum ɗari-ɗari tazarar kuskuren da aka rubuta a gefen adadin takan yi faɗin da ba za ka iya cewa wannan gari ya fi wancan ba.

Da na kai wa Yaya shafi uku maimakon ɗaya, ta duba ta ce, "To Malam, duk wannan dogon lissafi, ina masu jin Sifaniyancin?" Gaskiyarta, domin tun farko abin da take nema ke nan, kuma kasancewar mutum Latino ba ya nufin da Sifaniyanci yake magana a gida. Akwai jadawali daban na harshen da ake yi a gida, da kuma yadda mutum yake jin Turanci. Nan ne tarihin da na ambata ya yi aiki. San Antonio kashi 64 Latino ce, amma waɗanda ke Sifaniyanci a gida ba su kai rabin garin ba, don iyalai da yawa sun yi ƙarni a wurin, jikoki Turanci suka tashi da shi. A Laredo kusan kowa yana Sifaniyanci, har da ma'aikatan jinyar, ba sai an sha wahalar nemo mai fassara ba. Inda buƙatar ta fi tsanani shi ne wuraren da sababbin zuwa suka taru a cikin manyan birane, irin Gulfton ɗin nan da wasu unguwannin Dallas. Kuma tunda tsofaffi take yi wa hidima, sai na sake tace jadawalin ga masu shekara 65 zuwa sama, domin 'yan Latino na Teksas matasa da yara sun fi yawa a cikinsu in an kwatanta da farar fata.

A ƙasan shafin ƙarshe na rubuta mata gargaɗi biyu. Hukumar da kanta ta sake bincike bayan ƙidayar 2020, ta gano cewa a faɗin ƙasa an tsallake kusan kashi 5 cikin ɗari na 'yan Latino, Teksas kuma an rage mata kusan kashi 2 na mutanenta, don haka adadin da ke hannunmu ya fi kusa da mafi ƙaranci. Na biyu, a watan Maris na 2024 gwamnatin tarayya ta sauya ƙa'ida, za a haɗe tambayoyin nan biyu su zama ɗaya, Latino ya zama zaɓi a jere da fari da baƙi da sauransu. Idan alƙaluman 2030 suka fito, duk wanda zai ɗora su kusa da na 2020 sai ya fara duba yadda aka yi tambayar a kowace shekara kafin ya ce wani birni ya hau ko ya sauka.