Tsuntsayen Ƙyalle

Shekarata uku ina koyon ɗinki a wani shago a Tudun Wadan Zariya, kuma har zuwa azumin bara gani nake hannuna ya faɗa. Ina yanka riga da siket, ina fitar da wuyan doguwar riga ba tare da uwar ɗakina ta tsaya a kaina ba. Abin da ya zo ya nuna mini iyakata kuwa bai cika tafin hannu ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela a goman ƙarshe ya san yadda ƙasa ke cika da ƙyalle. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma komai gwanintar mai almakashi sai ragowa ta fito daga hammata da wuya. Mukan tara a buhu, a ɗebi na goge keke, sauran a kai bola. Ni kuma ga ƙanne da 'ya'yan yayye har 14 suna jiran goron Sallah, ɗan koyo kuwa ba shi da albashi. Sai na tuna da wata 'yar tsuntsuwar yadi da abokiyar koyona, 'yar Wusasa, ta taɓa kawowa shago, irin waɗanda suke ratayawa a bishiyar Kirsimeti a gidansu. Na ce bari in gwada.

Na jawo buhun ke nan Hajiya ta ɗago kai daga kekenta.

"Ƙyallen wa za ki yanka, 'yata?"

"Hajiya, ai na shara ne."

"Sai mai shi ta ce shara ne."

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Kullum ana zargin tela da cin yadin mutane, ni kuma na ɗauka zargin ya tsaya ne a kan mai rage yadi guda ya ɗinka wa ɗansa riga. Daga ranar, duk wadda ta zo karɓar ɗinkinta sai in nuna mata ragowar in nemi izini. Yawanci sukan ce, "Allah sarki, na yafe miki." Wata ta karɓi nata, ta ce za ta yi wa 'yarta ɗankwali, kuma gaskiyarta ce. Wata dattijuwa ta bar mini nata da sharaɗin in yi wa jikarta guda ɗaya.

Kurciya na fara zanawa a bayan kwalin biskit, tsawonta santimita 10. Na ɗora a yadi, na bi da alli, na yanka daidai kan layi, na zuba ta a keke kamar ina bin gefen zani. Da na juyo ta, baki ya ɓace cikin kai, wuya ya tattare, wutsiya ta ƙi fitowa. A babbar riga, in ka kauce da rabin santimita, faɗin yadi zai rufa maka asiri. A nan rabin santimita shi ne bakin tsuntsun gaba ɗaya.

Hajiya ta zauna kusa da ni a tabarma, duk da tulin ɗinkin Sallah da ke jiranta. Ta ce kada in fara da yanka. In haɗa ƙyalle biyu fuska da fuska, in zana, in ɗinka a kan layin, sa'annan in yanke in bar ɗan gefe. Ta rage tazarar ɗinkin keken ya koma ƙanana, ta nuna mini yadda a wajen baki ake sakin feda a juya keken da hannu, allura na cikin yadi a ɗaga ƙafa a karkata. Sai abin da ya fi tsaya mini a rai: ta ɗauki bakin almakashi ta riƙa tsattsaga gefen duk inda layi ya lanƙwasa, kusa da zare amma ba ta taɓa shi ba. Ta ce gefen da ya koma ciki yana bukatar wurin da zai buɗe ko ya kwanta, in ba a ba shi ba sai ya ja yadin ya yamutse. Ta sha gaya mini wannan a kan hammata da wuyan riga, ina cewa to, ina yi sama-sama. Sai da na ga ƙirjin kurciya ya fito sumul na gane dalilin.

Cikon ma ya ba ni wahala. Guntayen tsumma sun sa ta yi nauyi da gudaje, soson katifa kuma ya fito da kusurwoyi. Kakata ce ta ce, "Kina Zariya kina neman abin cusawa?" Garin da har unguwanni ke amsa sunan rimi, ga Rimin Tsiwa ga Rimin Doko. Na sayo audugar rimi wajen masu matashi, na tsince ƙwayoyin. Ba ta da nauyi, tana da santsi, tana shiga lungu. Amma ba a cusa ta da yawa lokaci guda: ɗan kaɗan-kaɗan, da gindin fensir, a fara da baki da wutsiya, ciki ya zo ƙarshe, a rufe ƙofar da ɗinkin hannu wanda zarensa ke ɓuya cikin ninki. Kuma a nisanta ta da dutsen guga na gawayi, don wuta na kama ta nan take.

Zaren ratayawa na ɗauka a tsakiyar baya ake sa shi. Tsuntsuwa ta farko da na rataya sai ta sunkuya, kai ƙasa wutsiya sama, saboda nauyin yana ƙirji. Yanzu nakan soka allura da zare in ɗaga in gani, in matsa gaba kaɗan, har ta tsaya kamar tana kan reshe.

Akwai maganar da ban tsallake ba. Mahaifina ya tambaye ni hukuncin surar mai rai, na je wajen malamarmu ta Islamiyya. Ta karanto mini hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wadda cikin kayan wasanta akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle, Manzon Allah (SAW) ya gani ya yi dariya. Ta ce abin wasan yara da sauƙi, amma ratayawa don ado a ɗaki malamai sun yi saɓani. Don haka na yi su a matsayin abin wasa, da madauki na ɗaurawa a jakar makaranta. Ido kuma ban sa dutsen ado ko maɓalli ba, don yaro ƙarami komai baki yake kaiwa. Ƙullin baƙin zare na yi, wasu ma na bar su babu ido.

Na gama 16 daren jajibiri, yatsana duk sukar allura. Shadda fara ta zama balbela, atamfa kore ta zama aku. Wadda na fi so ita ce zabuwa, daga wani tsohon zanen kakata mai ɗigo-ɗigo da ta ba ni da hannunta. Bayan Sallah, da muka koma shago, Hajiya ta juya wata riga da na ɗinka ta duba hammatar ta ciki, ta ga tsagar a jere, ta ninke ta ajiye ba ta ce a warware ba. Da Disamba ta zo, abokiyata ta nemi 12 na bishiyarsu, muka zauna tare muka yi, ita tana cusawa ina rufewa.

Ranar Sallah da hantsi, bayan an sauko daga Idi, na zube su a faranti a tsakar gida yara suka yi caa. 'Yar yayata mai shekara 4 ta tsallake duk masu haske ta ɗauki zabuwar. Ta jujjuya ta, ta kai hanci ta sansana, sannan ta ruga ɗakin kaka tana cewa, "Inna, Inna, ga zanenki ya zama tsuntsu!"