Lambun Wisley da tambayar Hajiya

Abin da ya fi dagula min lissafi da na koma Ingila shi ne lokaci, sanyi ma ya biyo baya. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba, a Yuni kuwa tara ta wuce rana tana nan. Mutumin da ya tashi a Gwammaja, wanda jikinsa ya san damina, kaka, hunturu da bazara, sai ya ji kamar an kwance masa agogo.

A masallacin Shah Jahan na garin Woking, wanda aka gina a 1889, wani dattijo ya ba ni shawarar in daina kulle kaina a ɗaki ranar hutu, in leƙa lambun Wisley da ke ƙauyen kusa. Tun 1903 lambun yake hannun ƙungiyar masu kula da shuke-shuke ta RHS. Na fara zuwa da kyamara don kawai in samu abin tura wa mutanen gida, ashe a can zan koyi kalandar ƙasar. Wani ɗan mitsitsin farin fure ne ke fara ɓullowa a Janairu zuwa Fabrairu, kansa a sunkuye, dole ka durƙusa cikin taɓo kafin ka kama fuskarsa. Dafodil mai ruwan ɗorawa sai Maris, tulif ya biyo, wardi ya jira Yuni. Yanzu ko ban duba waya ba, abin da ya fito a bakin hanya kan gaya min inda shekara ta kai.

Lokacin sanyi kuma sukan ƙawata bishiyoyi da fitilu kala-kala, a saya tikiti a zaga da dare. Hoton ya fi kyau cikin 'yan mintunan da rana ta faɗi amma sama ba ta gama yin baƙi ba, wato daidai magariba, don haka nake zuwa da alwalata da 'yar darduma a jaka. Sanyi na zuƙe batir da wuri, na biyun a aljihun ciki nake sa shi ya ji ɗumin jiki. In ka shiga wurin shan shayi daga waje kuma, gilashin kyamara ya yi gumi, sai ka haƙura ya bushe da kansa.

Da na zo Kano hutun Sallah na baje hotunan a ɗakin Hajiya. Ƙanena ya daɗe yana kallon na fitilun, ya ce, "Yaya, wai duk wutar nan bishiya aka kunna wa? Mu kwana biyu ke nan ko ƙyallinta ba mu gani ba."

Hajiya ita dafodil ta tsaya a kai. "Kai, wannan ba albasa ba ce? Me ake ci a jiki?"

Na ce mata ba a cin komai, tushen ma guba ne, har a 2015 hukumar lafiya ta can ta gargaɗi manyan kantuna su daina ajiye shi kusa da kayan miya saboda masu ɗauka albasa ce.

"To Allah Ya kyauta. Fili haka guda, ko zogale ɗaya babu?"

Na shiga laluben hoton ɓangaren da suke noman kabeji da tuffa, ita kuwa har ta aika a ƙullo min kuka da daddawar komawa.