Abin da koyar da Turancin kwamfuta a jami'a ya koya mini

Yanzu da na miƙa kwas ɗin Turanci na ɗaliban kimiyyar kwamfuta ga wanda zai gaje ni, ina ganin ya dace in rubuta abin da shekarun nan suka koya mini, musamman domin abokan aikin da har yau suke kallon wannan kwas a matsayin na cike gurbi, wanda ake ɗora wa duk malamin da ayyukansa ba su cika ba.

Ba a harshen rubuta manhaja ɗalibin kwamfuta yake tuntuɓe ba. Keɓaɓɓun kalmomin umarni na harshen C bisa ƙa'idar 1989 guda 32 ne kacal, na harshen Python ma ba su kai 40 ba, kuma ɗalibi mai ƙwazo ba ya daɗewa bai haddace su ba. Inda ake shan wuya shi ne rubutun da ke kewaye da su: takardun bayanin manhaja, da saƙon kuskure da ke fitowa a allo, da tambayar da mutum zai rubuta a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, da rahoton matsala da zai aika a GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji ana aiki tare a kansu. Na sha tsayawa a bayan ɗalibi a ɗakin kwamfuta, in ga saƙon kuskure ya cika masa allo, sai ya share shi da sauri ya ɗaga hannu yana cewa, "Malam, ya ƙi yi." Alhali layin ƙarshe na abin da ya share ya faɗi irin kuskuren, layukan da ke samansa kuma sun ba da sunan fayil da lambar layin da matsalar take. Tsoron dogon Turanci ne ya hana shi karantawa. A kan wannan na gina darussana, har ya zama muna karanta saƙon kuskure a aji jimla bayan jimla, muna kuma rubuta rahoton da ke bayyana abin da aka yi, da abin da aka yi tsammani, da abin da ya faru.

Shugaban sashenmu na wancan lokaci bai taɓa yarda da wannan hanya ba. A ganinsa Turanci ɗaya ne, don haka wasiƙa da insha'i da nahawun da ake koya wa ɗalibin tarihi su za a koya wa ɗalibin kwamfuta, a kuma yi musu jarrabawa iri ɗaya. A wani taron sashe ya dube ni a gaban ƙananan malamai ya ce, "Malam, mu nan Turanci muke koyarwa, ba gyaran kwamfuta ba." Na yi masa bayani cikin ladabi cewa ban yar da nahawu ba, na kai shi ne inda ɗaliban za su gamu da shi. Na kawo masa misalin takardar RFC 2119, wadda Scott Bradner ya rubuta a 1997, wadda ta fayyace wa masu tsara ƙa'idojin intanet kalmomin da ke nuna wajibi, da masu nuna shawara, da masu nuna zaɓi, domin injiniyan da ya gauraya su zai gina abin da ba ya jituwa da na kowa. Bai ce uffan ba a ranar. Sai da aka zo gab da jarrabawa ya janye tambayoyina ba tare da ya sanar da ni ba, ya maye gurbinsu da na gama-gari. Ɗalibai da yawa suka faɗi a kan abin da ba shi aka koya musu ba, wasu cikinsu sai da suka maimaita kwas ɗin, shi kuma ya rubuta a takardar tantance aikina ta shekara cewa ba na bin manhajar karatu, abin da ya jinkirta mini ƙarin girma. Daga baya, da malaman sashen kwamfuta suka yaba da yadda rahotannin kammala digiri suka gyaru, sai ya gabatar da tsarin a matsayin sabon yunƙurin sashe, ba tare da ya ambaci sunana ba. Ba na ɓoye cewa abin yana yi mini ciwo har yanzu, kuma ciwon ɗaliban da suka maimaita ya fi nawa.

Sauran darussan ba su buƙatar dogon bayani. Mako guda a ɗakin kwamfuta tare da malaman fannin ya fi amfani ga malamin Turanci a kan wata guda na tsara darasi shi kaɗai. Ɗalibin da ke jin kunyar Turancinsa yana samun ƙarfin gwiwa idan ya ji cewa Linus Torvalds na Finlan, da Guido van Rossum na Holan, da Yukihiro Matsumoto na Japan, waɗanda suka samar da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da harsunan Python da Ruby, babu wanda Turanci ne harshensa na gida. Duk wata yarjejeniya da shugaba kan tambayoyin jarrabawa kuwa a yi ta a rubuce, da kwanan wata da sa hannu.

Na bar wa magajina dukan darussan da tarin saƙonnin kuskuren da muka yi aiki da su, na kuma roƙe shi ya nemi majalisar sashe ta shigar da su cikin manhajar karatu a hukumance kafin zangon karatu na gaba ya fara.