Asabar a Agege: darasin launi da fasahar nano

Yau na haɗa ɗaliban ajin kimiyya da na ajin adabi da zane a ɗaki ɗaya, a darasin Asabar da muke yi wa 'ya'yan unguwa masu shirin jarrabawar WAEC a nan Agege. Tun da aka raba su a farkon babbar sakandare, kowane ɓangare yake ganin babu abin da zai ƙaru da shi a wurin ɗayan, kuma wannan rabuwa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ina ganin yara masu basira suna rufe wa kansu ƙofar ilimi saboda sunan ajin da aka sa su. Ruwan safe ya makarar da waɗanda suka taso daga Idi-Araba, don haka sai bayan sallar Azahar muka fara.

Batunmu shi ne fasahar nano, wato sarrafa abu a ma'aunin nanomita, wanda yake kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai kimanin nanomita 80,000, hasken da ido ke gani kuwa tsawon igiyarsa yana tsakanin nanomita 400 da 700. Idan ƙwayar abu ta ƙanƙance har ta gaza wannan tsawo, mu'amalarta da haske takan canza, launinta ma ya canza, alhali sinadarin yana nan yadda yake.

Muka kunna kyandir, muka riƙe cokali a kan harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin, sannan muka tsoma shi cikin kofin gilashi mai ruwa. Nan take cokalin ya koma yana sheƙi kamar azurfa, ajin ya kaure da salati. Dalilin shi ne baƙin hayaƙin ƙananan ƙwayoyin kabon ne masu girman gomman nanomita, ba sa yarda ruwa ya jiƙa su, sai su riƙe siririyar iska a jikin cokalin, ita kuma iskar ta mayar da haske zuwa ido. Wani ɗalibi da ya yi karatun allo ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ashe tawadar da muke haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro ita ma tana cikin wannan babi?” Na ce masa ƙwarai kuwa, kuma aikin ƙaro shi ne ya lulluɓe ƙwayoyin ya hana su dunƙulewa su kwanta a gindin kurtu, ya kuma manna su a jikin allo. Wannan tambaya ta fi komai faranta mini rai yau, domin daga makarantar allo yaron ya ɗauko ta, ba daga littafin kimiyya ba.

Daga nan na nuna musu hotuna a kwamfuta. Na farko shi ne Kofin Lycurgus, aikin Rumawa na ƙarni na 4 wanda ke Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan: idan haske ya faɗo masa ta gaba kore ne, idan ya ratso ta bayansa sai ya zama ja, saboda ƙwayoyin zinariya da azurfa masu ƙanƙanta da ke cikin gilashin. Na biyu shi ne tangaran mai ƙyalli da maginan tukwane na Iraƙi suka ƙware a kai a ƙarni na 9, zamanin daular Abbasiyya, inda suke shafa haɗin azurfa da tagulla a kan kwano su sake gasa shi a tanda mai hayaƙi, ƙarfen ya shige cikin fatar kwanon ya bar walƙiya irin ta zinariya. Sai a 1857 masanin kimiyya Michael Faraday ya bayyana cewa ruwan da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin zinariya ja yake zama, ƙarnoni bayan masu sana'a sun riga sun ci moriyar abin.

Inda muka fi daɗewa shi ne shuɗin mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya, waɗanda suka haɗa baba da wani irin yumɓu suka ɗumama. Yumɓun yana da ƙananan ramuka a ma'aunin nano, baban ya shige ya maƙale a ciki, shi ya sa zanen bangonsu ya shekara fiye da dubu bai koɗe ba. Wata ɗaliba wadda kakanta marini ne a Kura ta ba mu labarin yadda ake tsima baba da toka a karofi, yadda zane ke fitowa kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi, da yadda ake buga shi da shuni har ya yi sheƙi. Ɗaliban kimiyya, waɗanda suka haddace darasin haɗuwar sinadari da iskar oksijin don jarrabawa, yau suka gane cewa abin da ke faruwa ke nan a bakin karofi.

Gardama ta tashi a kan ko za a kira marini masanin kimiyya. A ganina marini da maginin tukwane sun yi gwaji, sun lura, sun maimaita, sun kuma koyar da abin da ya yi daidai, abin da suka rasa kawai shi ne na'urar da za ta nuna musu dalili. A 1981 aka ƙera wani madubin faɗaɗa abu mai iya nuna ƙwayar zarra ɗaya ɗaya, kuma a 1989 ne masu binciken kamfanin kwamfuta na IBM suka jera ƙwayoyin zarra 35 suka rubuta sunan kamfaninsu.

Kafin la'asar na raba su bibbiyu, mai zane ɗaya da ɗan kimiyya ɗaya. Kowane rukuni zai ɗauki abu guda, ko gashin ɗawisu, ko ganyen gwaza wanda ruwa ke mirginawa a kansa, ko tawadar allo, ya zana yadda yake zaton fuskar abin take idan an faɗaɗa ta, ya kuma rubuta hujjarsa. Madubin ɗakin gwajinmu ba zai iya tabbatar musu da zatonsu ba, saboda haka gobe in Allah ya kai mu zan rubuta takarda zuwa wata jami'a a nan Legas, in nemi a ba yaran izinin ganin madubin lantarki yana aiki.