Abin da cire bustar birki ya koya mini a gareji

Samarin da ke sauya wa mota inji a nan Zariya kusan buƙatarsu ɗaya ce. An ɗora injin da ya fi na asali girma, wuri ya ƙure, sai ido ya faɗa kan busta, wato baƙar tukunyar nan da ke bayan masta birki (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi), a ce a cire ta a huta. Wasu kuma ba gyaran ƙawa ya kawo su ba, bustar ce ta huje, kuɗin wata ya gagara.

Kwance ta ba wuya, yawanci noti 4 ne ta cikin mota da fil ɗin feda. Abin da aiki ya koya mini shi ne ƙarfin da take bayarwa ba ya dawowa da kansa. A injin fetur, zuƙar iskar da inji ke yi ce ke bi ta tiyo ta ja robar da ke cikin tukunyar, ta ninka takun direba. Injin gas, wato dizal, ba shi da wannan zuƙar, shi ya sa ake haɗa masa famfo na daban. Ka cire busta ka bar sauran kayan yadda suke, feda za ta yi tauri kamar ka taka dutse, mota kuma tana ta tafiya.

Ƙarfin nan wuri biyu ake nemo shi. Fedar motar da ke da busta takan ninka taku wajen sau 4, ta marar busta kuwa wajen sau 6. Idan ƙafa ta danna kilo 30, ta farko za ta kai 120 ga masta, ta biyu 180. Don haka sai a huda sabon rami a jikin feda, a matsar da sandar turawa sama kusa da inda fedar ke rataye, a kuma ɗaga mazaunin masta don sandar ta shiga a miƙe. A nan maigidana ya fi tsanantawa. Yakan kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila a baki, ya ja feda baya da hannu ya ga ko sandar za ta zare, domin in ta zare a kan hanya birki ya tafi gaba ɗaya.

Sai masta. Mutane suna ɗauka babba ta fi ƙarfi, alhali ƙarama ce ke matse man birki sosai. Mai faɗin milimita 19 tana ba da matsi kusan ninki biyu na mai 25, amma feda za ta ƙara nitsewa, sai an tabbatar ba ta kai ƙasa ba kafin birki ya kama.

Akan ce mini ai tsohuwar Volkswagen Beetle ba ta da busta kuma tana tsayawa. Gaskiya ne, amma nauyinta bai kai tan 1 ba, kuma haka aka tsara birkinta tun daga masana'anta. Ba ɗaya take da motar da aka cika da fasinja da buhunan masara ta nufi Kano ba.

Shi ya sa ba na karɓar wannan aiki a motar haya, ko motar gida da uwargida ko dattijo zai tuƙa ya ratsa cunkoson Kwangila da PZ, inda ɗan acaba ke gittawa ba sallama. Nakan ce wa mai mota, "Alhaji, bari mu gwada ta tukuna." A kashe inji, a tattaka feda har ta yi tauri, a riƙe ta a tayar da mota. In ta ɗan nitse, busta lafiya lau take. In ba ta motsa ba, ko ana jin huci, ina fara duba tiyo da ɗan bawul ɗin da ke bakinsa, domin sau da yawa su ne suka tsage, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.