Mun koma asibiti da ƙafar Baba

Yau Talata, kwana 11 ke nan da na ga gyambon da ke ƙarƙashin babban yatsan ƙafar Baba ta dama, kuma yau ne muka koma asibiti karo na biyu. Har yanzu yadda muka gano shi yana tsaya mini a rai. Tabon jini na gani a safarsa, shi kuwa bai san da komai ba, domin shekarun da ya yi yana fama da ciwon suga sun lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa. Likita ta sa ya rufe ido, ta riƙa dangwala masa wani siririn zaren roba a tafin ƙafa, wanda ke lanƙwasawa da nauyin giram 10, amma a wajen yatsu bai ji ko sau ɗaya ba.

Ta lalubi bugun jini a bayan idon sawu da kuma saman ƙafa, ta ce jini yana zuwa, sannan ta kankare fatar da ta yi kanta da mataccen naman da ke kewaye da ciwon. Na tsorata da na ga bakin gyambon ya ƙara faɗi, sai ta bayyana mini cewa sabon nama ba ya tsirowa a ƙarƙashin matacce. Alhamdulillahi, ciwon bai kai ƙashi ba.

Inda muka sha fama shi ne maganar hana shi taka ƙafar. Baba ya ce mata, "'Yata, ai ba ya yi mini ciwo." Ta amsa cikin ladabi, "Baba, rashin zafin ne ya kawo mu nan, domin duk takun da kuka yi yana murƙushe naman da ke ƙoƙarin haɗewa." A ganina wannan ya fi kowane magani wuya, tun da mutumin da ya saba kai-komo ba ya yarda da ciwon da ba ya ji. An ba shi takalmi na musamman mai ɗauke nauyi daga wurin, an kuma gargaɗe mu da mu garzayo nan take idan muka ga ja, kumburi, mugunya, wari ko zazzaɓi.

Da daddare na gwada sugansa, na duba lafiyayyar ƙafar har tsakanin yatsu, na goge ta har ta bushe sosai. Ranar Juma'a za mu koma a sauya bandeji.